Rak ɗin fawa sitiyari a tsofaffin motoci: tambayoyi da amsoshi

Motoci da yawa da muke hawa sun ci shekara 15 ko 20 a kan titi, rabi a Turai ko Amurka, rabi a hannunmu. A wannan shekarun ne sitiyari yake fara kuka, ko tauri, ko shan mai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu mota da direbobi suka fi maimaitawa a gareji, kuma duk a kan sitiyari mai amfani da mai suke, irin na Camry da Corolla da Accord da Golf da Fijo na da.

Mene ne rak, kuma ta ina fawa take shigowa?

Rak sandar ƙarfe ce da ke kwance a gicciye tsakanin tayoyin gaba, a cikin wani dogon gida. An yanka mata haƙora a gefe guda. Sandar da ta sauko daga sitiyarin da kake riƙewa tana ƙarewa da ɗan ƙaramin giya da ke cizon waɗannan haƙoran, don haka in ka murɗa, sandar rak ta zame hagu ko dama. A kowane bakinta akwai rak en, sannan tayarod, su ne suke tura taya.

Fawa kuwa aikin mai ce. Famfo da bel ɗin inji ke juyawa yana tura mai da matsi mai ƙarfi, wanda kan kai kusan 100 a ma'aunin matsi na bar in an kai sitiyari ƙarshe. A jikin sandar rak akwai fistin da ya raba silinda gida biyu. A saman ƙaramin giyan nan kuma akwai bawul mai siririyar sandar ƙarfe a cikinsa, wadda take ɗan murɗewa daidai ƙarfin da hannunka ya sa. Murɗewar nan ce take buɗe wa mai hanya zuwa gefe ɗaya na fistin, sai mai ya tura, hannunka ya huta. Dabarar tsohuwa ce, tun 1951 Chrysler ya sa sitiyari mai amfani da mai a motarsa Imperial.

Yaya zan san ko nawa mai amfani da mai ne ko na lantarki?

Buɗe bonet ka nemi ɗan tanki mai hoton sitiyari ko rubutun fawa a murfinsa. In babu, kuma motar tana da fawa, na lantarki ne. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, Corolla ta koma lantarki daga samfurin 2009, Camry daga 2012, Accord daga 2013. Fijo 307 tana tsakiya: mai take amfani da shi, amma ɗan injin lantarki ne ke juya famfon, ba bel ba.

Ana cewa akwai rauni tun daga ƙira. Ina raunin yake?

Babban raunin shi ne abin da aka bari ya tsare rak ɗin. Sandar da fistin ke kai an goge ta sumul, domin leɓen sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, yana shafar ta duk lokacin da ka juya. Abin da ya raba wannan sanda da ruwa da ƙasa bai wuce but ɗin roba guda biyu masu lanƙwasa ba, ɗaya a kowane baki, kuma suna nan ƙasan mota inda ba mai kallo. But ya tsage, ruwan damina ya shiga, yashi ya bi. Sandar ta yi tsatsa, tsatsar ta zama ƙananan ramuka, ramukan su riƙa yankar sil a hankali har mai ya samu hanya. Motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar Kanada da arewacin Amurka, sau da yawa da tsatsarta take isowa.

Rauni na biyu yana cikin gidan bawul. Don rage nauyi da kuɗi, da alminiyam ake yin sa, bawul ɗin kuma yana juyawa a ciki da zobban Teflon, wata roba mai santsi, da ke raba hanyoyin mai. In mai ya tsufa ya kwashi garin ƙarfe, garin yana maƙalewa a jikin zobban, su kuma su riƙa gugar alminiyam ɗin har su tona masa layuka, kamar yadda igiyar guga take cin bakin rijiya. Motocin General Motors masu jan gaba na shekarun 1980 sun yi ƙaurin suna da wannan, har masu sake gina rak suka ɗauki al'adar rarake gidan su dasa masa hannun riga na ƙarfe a ciki. Duba tambayar taurin safiya don ganin yadda yake bayyana.

Sauran raunin na gajiya ne: bushin ɗin roba mai tauri da ke riƙe sandar a ɗaya bakin yana cinyewa, haƙoran tsakiya sun fi na gefe shan aiki tun da mota ta fi tafiya miƙe, kuma a motoci masu injin V6 da aka kwantar a gicciye, rak da tiyonsa suna zaune kusa da zafin salansa shekara da shekaru. A 2012 Honda ta kira fiye da rabin miliyan na Accord V6 samfurin 2003 zuwa 2007 a Amurka saboda tiyon fawa da zafi ke lalatawa, mai ya ɗiga kan salansa, abin da kan jawo hayaƙi ko wuta. Mai irin wannan motar ya sa a duba masa tiyon, domin ba kowace ce aka kai gyaran kafin a ɗoro ta a jirgi ba.

Me ya sa sitiyarina yake tauri da safe, sai inji ya yi zafi ya saki?

Wannan ya fi fitowa da hunturu. Ka tayar da mota da asuba, ka juya zuwa gefe ɗaya sai ka ji kamar babu fawa, ko ta zo ta ɗauke, bayan 'yan mintuna komai ya daidaita. Galibi layukan da aka ambata a tambayar rauni ne. Da sanyi zobban Teflon suna ƙanƙancewa su yi tauri, ba sa cika ramin da suka tona, sai mai ya zille ta gefensu maimakon ya je ya tura fistin. Zafi na shiga sai su kumbura su toshe.

Amma kafin a yanke wa rak hukunci a duba abubuwa masu araha. Bel mai sako-sako yana zamewa da safe, yana kuma ƙara. Mai da ya yi baƙi ya yi kauri yana jan ƙafa. Akwai kuma ɗan mahaɗi mai siffar gicciye a sandar da ta haɗa sitiyari da rak: in ya yi tsatsa, sitiyari yakan yi tauri ya saki, ya yi tauri ya saki, a wurare ɗaya-ɗaya cikin kowane zagaye. Alamar da ta fi nuna bawul ita ce tauri a gefe ɗaya kawai, mai gushewa da zafi. Canza mai yana iya sassautawa na ɗan lokaci, amma ba ya cike ramin da aka riga aka tona.

Mai yana raguwa kullum, amma ban ga ɗigo a ƙasa ba. Ina yake zuwa?

Wuri na farko shi ne cikin but. But ba a yi shi don riƙe mai ba, ya kamata cikinsa ya zama babu komai sai ɗan giris. In sil na ciki ya mutu, mai yana taruwa a but har ya kumbura. A ɗaga mota, a matsa but da hannu, ko a kwance ƙaramin kilif ɗin bakinsa. In mai ya tsiyayo, magana ta ƙare, rak ne. A wasu rak akwai siririn bututun iska da ya haɗa but biyun, saboda haka mai na iya fitowa a hagu alhali sil ɗin dama ne ya lalace.

In but a bushe yake, a wanke wurin a bi tiyo daga sama zuwa ƙasa, domin mai daga sama yake gangarowa ya jiƙa rak, a ɗora wa rak laifin da ba nasa ba. Tiyon matsi yakan yi gumi a inda aka matse roba da ƙarfe, tiyon dawowa kuma a bakin kilif. A wasu tsofaffin Toyota da Lexus akwai ɗan bawul a jikin famfo mai siraran tiyo biyu da ke zuwa inji. In ya fashe ta ciki, inji ne yake zuƙe man fawa ya ƙone shi, sai ka ga farin hayaƙi lokacin tayarwa, ƙasa kuma tsaf.

Famfo yana kuka in na juya. Famfon ne ya mutu?

Ba lallai ba. Kunna inji ka leƙa tanki. In ka ga kumfa, iska ce take shiga, kuma iska ta bangaren da famfo ke zuƙa take shiga, inda ba lallai a ga ɗigo ba. A Accord da sauran Honda masu V6 na shekarun 2000, ɗan zoben roba da ke bakin shigar famfo yana bushewa, ya bar iska ta shiga musamman da sanyi. Zoben nan kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai, amma an sha canza famfo sukutum saboda shi. Haka nan akwai rariya a ƙasan tankin motoci da yawa, in ta toshe da dauɗa famfo ya ji yunwa ya yi kuka. Sai an kawar da waɗannan, mai yana daidai ma'auni kuma ba kumfa, sannan a zargi famfo.

Wane mai zan zuba? A shago an ce duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne. Karanta murfin tanki ko littafin motar. Tsofaffin Toyota jan man giya ATF nau'in Dexron suke sha. Honda tana da nata man fawa na daban, kuma kamfanin ya hana zuba ATF. Motocin Volkswagen da Audi da yawa koren mai mara kauri suke so. Mai da bai dace ba yana iya sa famfo kuka, ya busar da sil ko ya kumbura shi.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne man birki. Tankunan biyu suna kusa a wasu motocin, yaran gareji kuma sukan yi kuskure. Man birki yana lalata robar da aka yi don man fawa. In hakan ta faru kada a kunna inji, a zuƙe tankin tas a wanke shi. Man inji ma ba madadi ba ne, ko da an ce don a iso gida.

Ina jin ƙwanƙwasa a ƙarƙashin ƙafata in na shiga gargada. Rak ne?

Rak ɗin yana cikin waɗanda ake tuhuma, amma ba shi kaɗai ba. A bar tayoyi a ƙasa, inji a kashe, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, makaniki yana cikin rami yana ɗora hannu a kan kowane mahaɗi. Hannu yana jin abin da kunne ke ruɗewa a kai. In tayarod ne ko rak en, za a ji bugun a nan, kuma ana canza su ba tare da an sauke rak ba. In gidan rak ɗin gaba ɗaya yana motsi, bushin ɗin da suka ɗaure shi ne, waɗanda man da ke ɗiga yake jiƙawa har su yi laushi. In sandar tana ɗagawa sama da ƙasa a cikin but, bushin na ciki ne ya cinye.

Toyota da yawa na shekarun 2000, har da Camry da Highlander da Sienna, an san su da bugu daga sandar tsakiya da ta haɗa sitiyari da rak, inda take zamewa cikin kanta. Ana jin sa a hannu in ana juyawa a hankali. Sabon rak ba zai kashe wannan bugun ba. Ƙananan sandunan da ke haɗa shok da ƙarfen hana tangaɗi su ma suna irin wannan ƙarar.

Makaniki ya ce zai ɗaure notin rak, wasan ya tafi. In yarda?

Notin da yake nufi yana bayan sandar, daura da ƙaramin giya. Ƙarƙashinsa akwai sifirin da wani ɗan matashi da ke danna sandar kan giyan. Ana iya ɗaure shi kaɗan, kuma yakan rage bugu. Matsalar ita ce haƙoran tsakiya sun fi cinyewa, don haka in aka ɗaure har tsakiya ya yi daidai, gefe zai matse. Sai ka sha kwana, sitiyari ya ƙi dawowa da kansa, wannan kuwa haɗari ne na gaske a kan titi. In za a taɓa shi, a ɗaga gaban mota, a ɗaure kaɗan-kaɗan, kowane karo a juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbata babu inda ya cije. In ba a samu wurin da wasa ya tafi kuma gefe bai matse ba, haƙora sun gama aiki.

In gyara nawa ne, ko in sayi na Beljiyam?

Sandar ce take yanke hukunci, kuma ba a sanin halinta sai an zare but an goge an duba. In tana sheƙi, farce bai kama komai a inda sil ke bi ba, haƙora lafiya, kuma babu taurin safiya, gyaran naka ya fi, domin ka san abin da aka sa a ciki. In akwai ramukan tsatsa, ko sandar ta lanƙwashe daga bugun rami ko haɗari, ko gidan bawul ya yi layuka, nemi wani.

Na Beljiyam da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, shi ma tsoho ne, sa'an naka a shekaru, wani ma ya daɗe a jibge ruwa na dukansa. Kada ka saya da but a rufe. Ka ce a kwance su duka biyu, a juya ƙaramin giyan har sandar ta fito ƙarshe ta kowane gefe, ka duba da idonka. A juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko akwai cijewa. A tafi da tsohon a jera su, domin samfuri ɗaya yana iya bambanta a bakin tiyo ko wurin ɗauri tsakanin na Amurka da na Turai, ko tsakanin ƙaramin inji da V6. Sannan ku yi magana da mai shago a gaban shaida kan kwana nawa za ka iya dawo da shi.

Yaya gyara na ƙwarai yake? Me zan sa wa ido?

Fara da wurin aikin. Rak da aka warware a kan tsumma a ƙasa, iska na kaɗo ƙura, ya riga ya sha yashi kafin a rufe shi. Mai aikin kirki yana wanke waje kafin ya buɗe, yana jera kayan a kan tire mai tsabta. Zai canza sil na matsi guda biyu da ke gefen silinda, da zoben fistin, da sil na sama da na ƙasan bawul, da bushin, ba wanda ya gani yana zuba kaɗai ba. Zai sa yatsa cikin gidan bawul ya shafa, ya ce maka ko akwai layuka.

Wurin da ake gane gwani shi ne lokacin mayar da sandar. Dole haƙoranta su ratsa ta cikin sabon sil na ciki, kuma bakin haƙori yana da kaifi. Gwani zai naɗe haƙoran da siririyar leda ko hular roba, ya shafa man fawa, ya tura a hankali yana juyawa, sannan ya zare ledar. Mai gaggawa zai tura haka nan, haƙora su tsaga leɓen sil tsagar da ido ba ya gani. Zobban Teflon kuma suna buɗewa in an ɗora su, sai an matse su sun koma girmansu kafin a zura bawul, in ba haka ba bakin gida ya yanke su. Wajen kwance rak en da ɗaure shi, a riƙe sandar da sifana, kada a bar ƙarfin murɗawa ya sauka kan ƙaramin giya. A ƙarshe giris a haƙora, sabon but, da kilif na ƙarfe a babban baki, ba waya ko guntun roba ba.

An canza mini sil, wata biyu ya dawo zuba. Me ya faru?

Ɗaya daga cikin uku ne galibi. Ko an ɗora sabon sil a kan sanda mai ramuka, ko an tsaga shi wajen sawa kamar yadda aka bayyana a tambayar da ta gabata, ko an sa sil na gama-gari da aka auna da ido a kasuwa, wanda ba a yi shi don wannan matsin ba. Sanfefa mai laushi ƙwarai tana ɗauke tabon tsatsa na sama-sama, amma ramin da farce ke kamawa ba ya gogewa, in aka matsa da guga ma sandar ce za ta rame a wurin. Akwai kuma tsohon mai: in ba a wanke famfo da tiyo da tanki ba, garin ƙarfen da ya kashe tsohon sil yana nan yana jiran sabo.

Maganin toshe yoyo da ake sayarwa a kwalba fa? Ko in ci gaba da ƙara mai kawai?

Maganin yana kumbura roba ne. In sil ya bushe saboda tsufa yana iya rage gumi na ɗan lokaci. Ba ya ɗinke sil da ya tsage, ba ya cike tsatsa. Ƙara mai kullum kuma yana da ranar ƙin dillanci: ranar da tanki ya ƙafe a hanya, famfo zai juya a bushe ya ci kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin rak. A motocin da bel ɗaya ke juya famfo da altaneta, famfo na cijewa bel ya tafi, caji ya tafi da shi. Sitiyarin da fawarsa ta ɗauke yana juyawa, amma da nauyi sosai, kuma ɗaukewar na iya zuwa a tsakiyar kwana da iyali a mota.

Me za a yi bayan an ɗaura rak, kafin in karɓi mota?

Tun kafin a sauke tsohon, a daidaita tayoyi a miƙe a ɗaure sitiyari kada ya juya. A bayan sitiyari akwai naɗaɗɗiyar waya mai kai wuta ga hon da jakar iska, zagayenta ƙidayayye ne. In aka bari sitiyari ya wulwula babu rak, ko aka haɗa shi ba a tsakiya ba, wayar za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Bayan ɗauri a wanke layi da sabon mai, a ɗaga gaba, inji a kashe, a juya ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa ana ƙara mai har kumfa ta daina, sannan a kunna. A ƙirga zagaye daga tsakiya zuwa hagu da zuwa dama, su zo daidai. Daga nan sai wajen alaimen, inda ake saita tayoyi da na'ura, kai tsaye, domin saitin ido yana cinye sababbin tayoyi.

Kai kuma, daina riƙe sitiyari a ƙarshe yana kuka fiye da 'yan sakanni, a nan matsi da zafi suke kai ƙololuwa. Duk lokacin da aka canza man inji, ka ce a haska but biyun nan, musamman kafin damina da bayanta.

Akwai motocin da ƙirarsu ta bambanta da abin da aka faɗa?

Akwai. A Fijo 405 da 306 silindan fawa a waje yake, a ɗaure gefen rak, saboda haka in shi ne ke zuba ana iya canza shi shi kaɗai. A Opel Vectra ta farko, ta 1988 zuwa 1995, rak ɗin a jikin bangon da ya raba inji da cikin mota aka ɗaure shi, tayarod kuma daga tsakiya suke fita. An san bangon nan da tsagewa a wurin ɗauri. Alamarsa sitiyari mai lilo da ƙarar ƙarfe in ana juyawa a tsaye, maganinsa walda da ƙarin faranti, ba sabon rak ba.

Motata an juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. Akwai abin tsoro?

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, shi ya sa motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama ake juya su. Rak ɗin dama ba ya zama na hagu, dole a nemo na hagu na wannan samfurin, da tiyonsa da sandar tsakiyarsa. In an yi haka, kuma an ɗaure shi a ramukan da kamfani ya tanada, halinsa ɗaya da kowane rak. Abin tsoro shi ne inda aka ɗauko rak ɗin wata mota aka yi masa kunnuwa da walda, ko aka yanke sandar tsakiya aka ƙara mata tsawo. A shiga rami da fitila a duba: walda a jikin sandar sitiyari, ramukan ɗauri da aka faɗaɗa da wuta, tiyo da ke gugar ƙarfe ko ya kwanta kusa da salansa, tayarod ɗaya da zarensa ya fito fiye da na ɗayan sosai. In aka ga walda a sandar, a canza ta da cikakkiya kafin motar ta sake hawa babban titi.